Wa Ya Riƙe Tsanin?

Kowace shekara jami'a tana turo 'yan koyon aiki jastis, wato kotu, kuma kowace shekara sai an samu wanda zai dube ni tun daga kallabi har takalmi ya ce, "Madam Rabi, ashe aikin naki ke nan? Ki ji Hausa ki mai da ita Faransanci?" Sai in ce masa e, ɗana, shi ke nan. Haka shi ma mahauci, aikinsa kawai ya ga sa ya mai da shi nama. Bana ma har ci gaba aka samu, wani ya zaro salula ya nuna mani wai ita ma tana fassara. Na ce madalla, ranar shari'a ka kawo ta ta tsaya kusa da tsohuwar da ake tuhuma, in tsohuwar ta fashe da kuka sai ta miƙa mata gefen zane.

Ni tafinta ce. Na yi shekarun da suka isa a haifi yarinya, a aurar da ita, ita ma ta yi goyo, ina tsaye tsakanin alƙali da mutanen da ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na ajiye aiki, amma in an rasa mai yi sai a turo kabu-kabu Sabon Gari ya ɗauko ni. Kada ku zaci alƙalan ba su jin Hausa. Da yawansu da ita uwarsu ta zage su suna yara. Amma da sun sa baƙar riga sai kunnen ya koma na doka, ita kuwa doka da Faransanci aka rubuta ta, da shi take ji, da shi take amsawa.

Cikin 'yan bana akwai wata Nafisa, yarinya mai kai, sai dai bakinta ya fi kan gudu. Muna hutun azahar a gindin itacen bedin da ke tsakar jastis ta zo ta zauna kusa da ni, ranta a ɓace.

"Madam, kin san mi muka karanta satin ga? Shari'ar Girkawan da, mutanen birnin Atina, waɗanda aka ce su suka koya ma duniya mulkin jama'a. Wallahi abin haushi! Mace ba ta tsayawa gaban shari'a ta yi magana. Ko ita aka cuta, ko ita ake tuhuma, sai ubanta ko mijinta ko wanta ya tsaya ya yi magana madadinta. Masu yanke hukuncin maza ne zalla, taro guda. In macen mai mutunci ce ko sunanta ba a hwaɗi, sai dai a ce matar wane, ɗiyar wane. In namiji ya sha abu ya mutu, wadda ta miƙa mashi ƙoƙon ake hwara kamawa. Wai har wani tulu gare su mai huda, a cika shi da ruwa, in ya tsiyaye lokacin maganarka ya ƙare."

Na ce mata tulun kam ya burge ni, da za a kawo mana shi na san lauyoyi biyu da zan fara ajiye ma shi a gaba. Sauran kuwa, Allah ya ba da lada, an sha wahalar ƙetare teku a cikin littafi don a ga abin da ke zaune kan wancan benci. Ta ce ai mu yanzu doka ta ba mace baki. Na ce ta ba ta, ƙwarai kuwa. Saura ki nemo mani wadda aka bari ta zo da shi daga gida.

Wurin Malam Idi na koyi aiki, wani dogon mutum ɗan Jiratawa, mai tafiya kamar ana binsa da kulki. Ranar da aka kai ni hannunsa na zo da ƙamus mai kauri a hammata. Ya karɓa, ya auna nauyinsa, ya ce zai yi kyau a tokare ƙofa da shi lokacin zafi. Daga nan ya zaunar da ni a benci na baya, ya hana ni buɗe baki wata da watanni. Aikina in kalli ƙafafun mutane da hannuwansu. Ya ce wanda zai yi ƙarya yakan gyara tsayuwa, wanda zai faɗi abin da ya fi ƙarfinsa yakan nemi abin dafawa, kuma dole tafinta ya san wanne ke tafe don kada numfashi ya ƙare masa a tsakiyar magana. Kayan aikin duka ba su cika jaka ba: gorar ruwa, ɗan kanumfari saboda maƙogwaro, takalmi marar tsini don tsayuwar yini ce, da hankici mai tsabta wanda ba naki ba ne, na mai kuka ne. Goro kuwa haramun ne a bakin tafinta har a tashi.

Abin da ya fi takura mani a kai shi ne kalmar "ni". Ba a cewa "ta ce" ko "ya ce". In ɓarawo ya ce na sata, ke ma ki ce na sata. In ya yi ashar, ki yi ashar, kada ki wanke masa baki, ba ke kika haife shi ba. Shari'ar farko da ya bar ni na tsaya ni kaɗai, wani direban babbar mota ne daga gabar teku, ba ya jin Hausa, ya take wa wani Bafillace shanu a hanyar Tsibiri. Aka ce in gaya wa mai shanun abin da direban ya faɗa. Na juya, na buɗe murya, na ce, "E, na sha giya, na sha ta da yawa, ban ma ga shanun ba." Ashe gwaggona tana cikin ɗakin, ta zo rakiyar wata maƙwabciya. Kafin in koma gida labari ya riga ni Sabon Gari cewa Rabi ta tona asirin kanta gaban hukuma. Sai da Malam Idi ya je da kansa ya yi wa mahaifina bayani, shi ma tsohon bai gama yarda ba.

Darasi na ƙarshe da ya ba ni shi ne wurin tsayawa, kuma shi ne wanda ba ya cikin kowane ƙamus. Ya ce jikinki ma kayan aiki ne, ki san wa kike tare wa, wa kike buɗe wa. A lokacin na ɗauka surutun tsufa ne.

Masu zuwa mana iri-iri ne, amma in mace ce ke da shari'a abu guda ba ya canzawa: ba ta zuwa ita kaɗai. Sai ka ga ta shigo da ayari, wa, kawu, wakilin mai gari, da wani mai gemu wanda ba wanda ya san dangantakarsu. Alƙali ya tambaye ta sunanta, maza uku su amsa. A tambaye ta shekarunta, su yi gardama a tsakaninsu, tana tsaye kamar ba da ita ake ba. Kowannensu zai fara da "abin da take nufi shi ne", alhali ba ta nufi komai ba tukuna, ba a bar ta ta buɗe baki ba. Na taɓa ganin wata Ba'anniya daga cikin daji, cikin mutanen nan da ke riƙe da addinin kakanni, wadda aka ce ta sa wa mijinta magani a fura. Ta gaji da masu yi mata magana, ta ce a kawo gatarin aradu ta rantse a gama. Na fassara yadda ta faɗa. Aka gode mata, aka ce ba a ajiye shi a jastis.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fid da kai, abin da ya tsira kuma tsutsa ta cinye a zangarniya. Kafin sanyi ya wuce maza sun watse ci-rani, ƙauyuka sun koma na mata da tsofaffi da yara. Benci ya cika da mata irin waɗanda ba su taɓa taka ƙofar hukuma ba. Wannan ta ɗauki akuya, waccan tiyar hatsi, waccan ta yanki wake a gonar da ba tata ba. Muryata ta dushe a shekarar nan, kanumfari ya daina yi mani aiki, na koma zuma da citta. Kuma ban ji daɗin aikin ba ko na yini guda, don yunwa ba ta da wuyar fassarawa, wuyar maimaitawa gare ta.

Cikinsu akwai Tsahara, daga wani ƙauye a bayan Tsibiri. Ku 'yan birni sai na yi maku bayanin rumbu, tunda a buhu kuka san hatsi. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma tare, akwai babban rumbu wanda ake rufewa bayan girbi, ba a taɓa shi sai damina ta kama, lokacin da masu noma ke bukatar ƙarfi. Mace ba ta hawansa, ba ta leƙa cikinsa. Maza sun ce in mace ta ga gindin rumbu albarka na tashi. Ni dai na lura abin da ke tashi shi ne damar cewa "babu" alhali akwai, amma wa ya tambaye ni. Ta sama ake shiga, a jingina tsani, a ɗaga jinkar ciyawar da ta rufe shi, a zaro dami.

Mijin Tsahara ya tafi ci-rani, ba aike ba labari. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ƙaramin yana baya. Mai gidan a suna shi ne surukinta, Baba Nomau, tsoho tukuf, kunnensa ya yi nauyi. Mai gidan a aikace kuwa wan mijinta ne, Sa'idu, shi ke auna wa kowa, shi ke ciyar da tsohon. Da ɗan abin da aka ba ta ya ƙare, ta koma dafa wa yara 'ya'yan anza masu ɗaci da ganyen tafasa. Ta roƙi Sa'idu, ya ce rumbu sai damina. Ranar kasuwar Tsibiri, da rana tsaka, ya tafi sayar da rago, ya dawo ya tarar ana sussuka a tsakar gida, yara na tsince tsaba suna watsawa a baki. Bai je wurin mai gari ba, don ba su ga-maciji. Wurin jandarma ya nufa. Da suka zo suka tambaya, ta ce, "Ni ce." Daga nan aka kawo ta kaso, wato gidan yari, da goyonta tana jiran shari'a.

Ranar shari'a ayari ya zo. Sa'idu da tsohon a benci na gaba, wanta Labo ya zo a matsayin mai ceto. Da alƙali ya ba shi dama, ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata hanƙuri. Yarinyar ga ba ta cikin hankalinta. Iska gare ta tun tana ƙarama, hwaɗuwa take yi. In ba mai taɓin kai ba, wace mace za ta hau rumbu?" Na fassara, da "ni" da komai, kamar daga cikina maganar ta fito.

Sai ga Sa'idu ya miƙe, fuskarsa cike da tausayi irin na ranar kasuwa. "In dai haka ne, ni na yahe. Ba a shari'a da mahaukaci. Su tahi da ita gidansu a yi mata magani. Ɗiyan kau su zamna gidan ubansu, har na bayan a yaye shi, don ba a barin yara hannun mai iska."

Kun ji ceto. An sayar da kare an sayi biri. In ta ce lafiyarta lau, ɓarauniya ce, kaso na jiranta. In ta yi shiru, mahaukaciya ce, ta fita yau amma ta bar 'ya'ya huɗu a bayanta, kuma sunan ba ya goguwa a ƙauye har ta mutu. Maza biyu sun gama raba rayuwarta cikin ladabi, ba wanda ya ɗaga murya. Raina ya ɓaci, na kuma fassara shi tsaf, don aikin ke nan.

Alƙalin ranar ɗan ƙauye ne kafin ya zama ɗan boko, ya san rumbu ciki da waje. Ya ce ya ji kowa, saura mai shari'ar. Na gaya mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya kafaɗa. Ya sake tambaya, shiru. Labo ya buɗe baki zai taimaka, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ni kuwa ƙafafunta nake kallo, kamar yadda aka koya mani, na ga duk sun karkace sun bar gefen benci na gaba. Ba alƙali take tsoro ba. Surukinta ne zaune yana fuskantarta, kuma macen da aka yi wa tarbiyya a ƙauyen nan ba ta buɗe baki gaban uban mijinta, ko wuta ta kama zanenta sai ta koma bayan ɗaki ta yi ihu.

Allah bai rage ni da jiki ba, kuna dai gani. Na taka a hankali na tsaya tsakaninta da tsohon, na rufe shi ruf, ko sandarsa ba ta hangowa. Na sunkuya na ce, "Alƙali na tambayarki. Hwaɗa mani ni, ɗiyata."

Ta matso da baki kusa da kunnena, muryar kamar ta mai zazzaɓi. "Inna, lahiyata lau. Ban da iska, ban taɓa hwaɗuwa ba. Ɗiyana ne suka daina kuka. Da suna kuka da na daure. Da suka yi shiru na ji tsoro."

Na ɗago na mai da shi Faransanci. Alƙali ya dube ta ya yi tambayar da ɗan birni ba zai yi ba. Ya ce jinkar babban rumbu mutum ɗaya ba ya ɗaga ta yana kan tsani, tsani kuma ba ya tsayuwa shi kaɗai a kan rairayi, balle ga mace da goyo. Wa ya riƙe tsanin?

Na gaya mata. Ta yi shiru. Ku da ke cewa aikin na da sauƙi, ku gaya mani yadda ake fassara shiru. Malam Idi ya ce in sun yi shiru ki yi shiru, kada ki cike masu gurbi. Muka tsaya ni da ita, ba abin da ake ji sai fankar sama da jaririn na tsotsar hannu. Na ga ta nemi abin dafawa, ta kama ƙarfen gabanta. Can ta raɗa mani a kunne, "Ni ɗaya na yi. Ba wanda ya riƙa mani."

Na fassara. Na san ƙarya ce, alƙali ya sani, kuma da wannan ƙaryar ta rufe wa kanta ƙofa, don ta amsa laifi ta kuma ƙi hauka. Alƙali ya ce da ni, kamar yadda doka ta tanada, in sanar da mai ƙara da iyalinsa abin da wadda ake tuhuma ta faɗa, tunda a kunnena ta faɗa ba su ji ba.

Ƙa'ida ta ce kowa ya ji. Ba ta ce ban da kurma ba. Na kauce daga inda nake tsaye, na fuskanci benci na gaba, na ɗauko muryar da nake kiran mai kabu-kabu da ita daga ƙetaren titi.

"Lahiyata lau! Ban da iska! Ɗiyana ne suka daina kuka don yunwa! Ni na hau rumbu, ni ɗaya, ba wanda ya riƙa mani tsani!"

Har magatakarda sai da ya zabura. Baba Nomau ya ɗago kai. Ya dube ni, ya dubi surukarsa da ta dunƙule cikin mayafi, ya dafa sanda ya fara miƙewa gaɓa-gaɓa.

"Wa ya ce ita ɗaya?"

"Baba, zamna," in ji Sa'idu, yana jan rigarsa.

"Kai ka zamna, ɗan banza! Ca ka yi mani biko muka zo, a ba mu ita mu koma gida. Ni na riƙa tsanin. Ni na tokare jinka da sandar ga. Rumbuna ne, tun ba a haihe ka ba nike zuba hatsi ciki. Jikokina na mutuwa ina kallo, in jira damina? In kaso za a kai wani, ga ni."

Na fassara duka, har da ɗan banzan, ban rage masa ko wasali ba. Mai gida ya buɗe rumbunsa ya ba jikokinsa, ina satar take? Kafin la'asar an sallame ta. Ko da gaske tsohon bai ji abin da ake yi ba tun safe, ko kuwa kurumtar ta yi masa rana ne saboda a hannun Sa'idu yake ci, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, bayan wannan ihu nawa ba sauran wurin ɓuya a cikin kunnen.

Da na kawo nan Nafisa ta tafa hannu ta ce, "Kin gani, Madam! Ai ga shi ta yi magana, gaskiya ta yi halinta. Girkawa ba su kai nan ba." Na ce a hankali dai, 'yar boko. Gaskiyarta ba ta fid da ita ba. Ƙaryarta ma ba ta fid da ita ba. Sai da mai gemu ya miƙe ya yi magana guda aka buɗe mata ƙofa. Kuma ko kalma ɗaya tata ɗakin bai ji daga bakinta ba, aron nawa aka yi. In akwai abin da muka fi mutanen Atina da shi, bakin da aka ara na mace ne, kuma bai ce "abin da take nufi shi ne" ba. Ba ƙaramin abu ba ne, amma kada a kira makaɗa tukuna.

A waje, a gindin wannan bedin da muke zaune, Tsahara ta durƙusa nesa da tsohon, kanta a ƙasa. Shi kuma ya kau da kai, ya dubi itacen ya ce da shi, "A ce mata ta tashi, rana na yi." Sa'idu ya riga ya hau kabu-kabu ya yi gaba. Ina kurɓar ruwa sai na ga ta nufo ni. Na gyara tsayuwa, na shirya karɓar godiya, har na tanadi "ba komai" a baki.

Ta tsaya gabana, idonta ya yi ja. "Inna, ni hwa a hankali na hwaɗa maki. Kika tashi kika kwarma shi gaban surukina! Yanzu da wane ido zan kai mashi hura?"

Na ce, "Na sani, ɗiyata. Yi hanƙuri."

Ba ta ce ta haƙura ba. Ta gyara goyonta, ta ƙara ɗaure zane, ta bi bayan tsohon nesa-nesa kamar yadda aka koya mata, suka nufi tashar Tsibiri, inda za su sami motar da za ta kai ta wurin sauran ukun.